Wuƙar da Ta Ci Lawwali

A layin masu buhu na kasuwar Zuru akwai wani mutum da ake kira Lawwali Gagara-Ƙarfe. Lawwali kawai aka raɗa masa ranar suna. Sauran shi ya ƙara wa kansa, ya dinga bin mutane da shi har suka gaji suka karɓa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya sa riga mai dogon hannu ko ana tsananin sanyi, don kada damatsansa su ɓuya. Sana'arsa sayar da buhunan zuba hatsi, da igiya, da basillar ɗinke bakin buhu. Amma in baƙo ya tambaye shi aikinsa, sai ya fara da cewa ƙarfe ba ya cinsa, maganar buhu kuma ta biyo baya in an samu lokaci.

Asalin abin tun yana saurayi ne. Ya je cin kasuwar Ribah, ya tarar da wani tsoho ya baza ƙulle-ƙullen magani a gindin bishiya. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya ga alamar jarumta a goshinsa, abin da duk saurayi yake jira wani ya gani. Ya dama masa wani baƙin abu mai ɗaci a ƙoƙo ya shanye, sannan ya zaro wuƙa daga jakarsa ya goga masa a hannu da ƙarfi. Ba jini, sai ɗan farin layi. Ga rumfar mahauta nan kusa, wuƙaƙe na ta walƙiya, amma bai zo wa Lawwali a rai ya ce a aro ɗaya a gwada ba. Tsohon ya kafa masa sharaɗi guda: shi da guro, wato kuɓewa, har abada, don ranar da yauƙinta ya shiga cikinsa maganin ya karye. Ba a sake ganin tsohon a Ribah ba, Lawwali kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa mutumin ba irin kowa ba ne.

Tun daga nan son wuƙa ya kama shi. Wani in ya samu rarar ciniki sai ya sayi tunkiya ya ɗaure, shi kuwa sai ya nufi shagon Uchenna da ke hanyar Rikoto. Uchenna ya zo Zuru yana yaron shago, a nan ya yi furfura, a nan ya aurar da 'ya'yansa. Yana sayar da tocila, da kwaɗo, da adda, da wuƙaƙe da ya jera a bango cikin kubensu. Sai dai in Lawwali ya shigo, hannun Uchenna ba ya zuwa bango. Sunkuyawa yake yi ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Lawwali yakan gaya wa mutane cewa Uchenna yana ajiye masa na musamman, waɗanda ba a nuna wa kowa. Kuma bai yi ƙarya ba, ba a nuna wa kowa su, don babu mai saye. Manya ne masu sheƙi, wata da haƙoran zarto a baya, wata da kan zaki a ƙota, bakinsu kuwa ko takarda ba za su raba ba.

Yadda yake zaɓen wuƙa shi ne abin kallo. Ba ya duba ƙarfe, ba ya duba ƙota. Wadda ta fi ban tsoro yake ɗauka, ya fito bakin ƙofa inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, ya yi gyaran murya. Sai ya goga ta a damtse, ya goga a ciki, wani lokaci har a wuya, ya ɗaga hannu sama kowa ya ga ba jini. 'Yan kabu-kabu su yi ta danna hon suna kiran Gagara, shi kuma ya koma ciki yana taku ɗai-ɗai, ya ce a naɗe masa. Duk wuƙar da ta kasa cinsa ta ci jarrabawa ke nan.

Wadda ta sha wahalar wannan jarumta ita ce matarsa Basira. Yakan kawo mata wuƙar ya ce ga ta nan, ta ƙasar waje ce. Ta ɗora kan tumatir, tumatirin ya fashe ya watsa mata ruwa a zane. A farkon aurensu ta taɓa yin magana, sai ya zaunar da ita ya yi mata bayani cikin haƙuri, irin wanda ake yi wa wanda bai ga duniya ba: wuƙar da kaifinta ta zo, amma da ta taɓa jikinsa kaifin ya mutu. Ke nan duk dakusasshiyar wuƙa a gidan nan wata sabuwar shaida ce. Basira ta dube shi, ta dubi tumatirin, ba ta sake tayar da zancen ba. Ta sayi 'yar ƙaramar wuƙa wurin maƙeri, ta ɓoye a bayan tukwane, da ita take aiki in ya fita. Saboda yawan washi har ta sirance kamar ganyen albasa.

Kuɓewa kuwa ko warinta bai yarda ya shigo gidan ba. Basira ta tashi a gidan da ake miyar ɗanyar kuɓewa da busasshen kifi, kuma duk duniya ba miyar da take so kamarta. Tun da ta shigo gidan Lawwali sai dai ta ci a gidan biki, ta wanke baki kafin ta dawo. Abin yana mata ciwo, kuma ba ta taɓa ɓoye wa ƙawayenta ba. Amma ta lura mijinta ba shi da gona babba, ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi, sunan nan kaɗai yake da shi. Sai ta bar masa kayansa.

Babban amininsa shi ne Kefas, tsohon soja, wanda suka yi firamare tare. Kefas Kirista ne, yana da gona a gindin wani dutse wajen Kanya. Duk shekara in an gama yankan dawa yakan tara abokansa da samarin ƙauyen da yake ɗauka aiki, su tare a gonar su kafa bukkoki, su yi 'yan kwanaki suna bugun dawa suna zubawa a buhu. Ranar ƙarshe ya kayar da taure, a ci a watse. Lawwali ba ya fashin wannan tafiya, don shi ke kawo buhuna, shi ke ɗinke bakinsu. Yakan zo da wuƙa mai tsawon kamu rataye a ƙugu tana dukan cinyarsa. In ana son yanke igiya sai a nemi ta wani. Aiki ɗaya da aka taɓa gani tasa ta yi shi ne tona dankali daga cikin toka.

A Zuru, inda daga gida ɗaya wani zai nufi masallaci wani ya nufi coci, in Kirista zai yi yankan da yake son kowa ya ci, Musulmi yake kira ya yanka masa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kowa dai ya tashi ya tarar da shi. A gonar Kefas mai wannan aiki shi ne Malam Nasiruddeen, wani dattijo maƙwabcinsu marar yawan magana, mai 'yar gajeriyar wuƙa a tsohon kube. Shi zai yanka, sannan samarin Kanya da 'yan cocin Kefas su sa hannu a faranti ɗaya. Da daminar bana Allah ya yi masa rasuwa, ɗansa ya kwashe kayansa har da wuƙar ya tafi da su inda yake aiki.

A wurin zaman makoki ne, ana ta jajanta wa juna, wani ya ce ko wa zai riƙa yi wa Kefas yanka yanzu. Ba wanda ya tambayi Lawwali. Shi ya gyara zama ya ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, a garin nan wa ya kai shi sanin wuƙa? Aka yi shiru, irin shirun da shi kullum yake ɗauka girmamawa ce. Kefas ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Ba ya iya kunyata abokinsa a gaban mutane, don haka magana ta zauna.

Da kaka ta yi, tafiya ta matso, Kefas ya zo rumfarsa ya zauna kan tarin buhuna. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen farashin dawa, ya yi zancen hanya, sannan ya ce, "Malam Lawwali, don Allah ka taho da wuƙa mai ci. Tauren bana babba ne, kuma ka san in abin bai yi daidai ba yaran nan ba za su ci ba."

Lawwali ya ce, "Ni za a koya ma wuƙa?"

Amma da ya koma gida maganar ta tsaya masa a rai. Duk shirmensa ya san hukuncin yanka. Ya san wuƙa sau ɗaya ake son ta wuce, in ka tsaya kana gurzawa ka azabtar da dabba, in ka ɗage hannu ka daɗe kafin ka koma nama ya zama mushe. Ya fito da wuƙaƙensa duka ya baje a tabarma, ya ɗauko guntun igiya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ta yi gashi-gashi amma ba ta rabu ba. Bai yi mamaki ba, ai duk sun taɓa jikinsa. Ke nan dole ya sayi sabuwa, kuma kada ya gwada ta. Nan ne matsalar take. Bai taɓa fita daga shagon Uchenna da wuƙa ba tare da ya yi wasansa a bakin ƙofa ba. In ya fito salin-alin ya wuce, me za a ce? Cewa za a yi Gagara ya tsufa, ko ya ji tsoro. Sunan da ya yi rayuwarsa duka yana ginawa shi ne ke cikin haɗari, kuma ya fi tsoron rasa shi fiye da rasa hannun.

Washegari da hantsi ya shiga shagon. Uchenna ya gaishe shi da Baba Lawwali kamar kullum, ko da yake kusan sa'anni ne, ya sunkuya zai jawo kwali.

Lawwali ya ce, "Bar kwalin ga. Ta yanka nika so yau, ta zuwa daji."

Uchenna ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya juya ga bango, karo na farko tun da suka san juna. Ya fara sauko da wata mai naɗewa, Lawwali ya ce wannan ta yara ce. Uchenna ya ce ya yi gaskiya, amma ba don haka ba, don mai naɗewa in aiki ya yi nauyi takan rufe a kan yatsun mai ita, jini da kitse kuma su shige cikin gaɓarta su ƙi fita. Ta daji, in ji shi, ƙarfe ɗaya ake so, miƙaƙƙe, mai kwana a kube.

Idon Lawwali ya tafi kan wata doguwa mai haƙora a baya da ƙota mai murfi, wadda in ka kwance za ka tarar da ashana da ƙugiyar kifi a ciki. Ya ji kamar don shi aka ƙera ta. Uchenna ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce ta yi ƙarar gwangwani. Ya ce ƙotar da aka rarake don a zuba ashana ba ƙarfe a cikinta, ranar da aka sara itace da ita kan zai tafi gabas ƙota ta tsaya a hannu. Sannan ya ɗauko wata da Lawwali bai ko kalla ba. Baƙin ƙarfe ce, tsawon bakinta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, ba ado ko kaɗan. Ya juya ta ya nuna masa yadda ƙarfen ya ratsa ƙotar katako har ƙarshe, an ɗaure da ƙusoshi, ga 'yar kafaɗa da ke tare yatsa kada ya zame kan kaifi in hannu ya jiƙe. Ya ce tana tsatsa in an bar ta da ruwa, sai ana shafa mata mai, amma tana karɓar washi a kan kowane dutse. Kubenta na fata ne mai kauri, in ka kifa shi ba ta faɗowa.

Lawwali ya riƙe ta yana yatsina, ya ce ba ta da kwarjini. Uchenna ya karɓa, ya ɗora bakin a kan nasa hannun, ya ja a hankali. Gashi ya zubo kan tebur, wurin ya yi fes kamar an bi da aska. Lawwali ya kalli gashin nan. A duk shekarun da ya yi yana sayen wuƙa bai taɓa ganin an yi haka da ɗaya daga cikin nasa ba.

Ya ce a ba shi ita. Uchenna ya yi saurin mayar da ita kube, ya naɗe da jarida, ya ƙara da leda, ya ɗaure da roba tam, kamar mai tsoron kada ta gudu. Da Lawwali ya fito, 'yan kabu-kabu sun riga sun juyo da baburansu. Wani ya danna hon ya ce Gagara, a gwada mana. Ya tsaya riƙe da ƙunshin. Sai ƙarya ta zo masa da kanta.

Ya ce, "Ba yau ba. Jiya matag ga ta yi man ɓarna, ta sa man guro ga miya ban sani ba. Sai ya hita jikina tukun."

Suka dubi juna, suka ce ai kuwa gara ya bari, guro ba abin wasa ba ne. Kafin la'asar labari ya gama Rikoto cewa Basira ta karya maganin mijinta. Har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaye ta, tana danne dariya. Basira dai ta haɗa wa Lawwali kayan tafiya, ta sa masa ƙuli-ƙuli da gari a jaka, ranar tashi kuma ta raka shi ƙofa inda Kefas ke jira da babur, ta gaisa da shi ta koma ciki.

A gonar ne wani abu ya faru da Lawwali bai shirya masa ba: ya ji daɗin wuƙar. Da aka zo kafa bukka ya ɗora ta kan igiya, igiyar ta rabu tun bai danna ba. Ya tsaya yana kallon bakin igiyar. Ya sassaƙa turaku, ya fere doya ɓawon na sauka siriri, ya ɗora ta kan ɗanyen reshe ya buga bayanta da itace ta tsaga shi biyu. Ya yanke zaren ɗinkin buhu ba tare da ya sa haƙori ba, abin da ya yi shekaru yana yi har haƙoransa na gaba suka yi giɓi. Samarin Kanya suka fara zuwa aro, suna cewa Baba a ba mu wuƙa, shi kuma yana ba su yana kashedi kada a sa ta cikin ƙasa. Da yamma yakan zauna ya goge ta, ya shafa mata man gyaɗa, ya ɗan bi da ita kan dutse yadda ya ga Malam Nasiruddeen yana yi. Yana kula sosai kada bakinta ya taɓa fatarsa, wai don kada kaifin ya mutu kafin ranar yanka.

Ranar ƙarshe da safe aka jawo tauren. Aka ba shi ruwa, aka kwantar da shi aka fuskantar da shi gabas, samari suka riƙe ƙafafu. Kefas ya tsaya gefe, fuskarsa ba walwala. Lawwali ya durƙusa, ya ɓoye wuƙar a bayansa har sai da ya shafa wuyan ya samu wurin. Ya yi bisimilla ya yi kabbara ya ja. Sau ɗaya. Babban cikin samarin ya duba yankan ya ce wallahi ko Malam marigayi iyakar abin da zai yi ke nan. Kefas ya saki numfashi, ya zo ya dafa kafaɗarsa ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Lawwali ya ji wani irin daɗi da hon ɗin 'yan kabu-kabu bai taɓa ba shi ba. Da yana da wayo da a nan ya tsaya.

Cikin waɗanda suka zo bana akwai Gabriel, mijin 'yar Kefas, wanda yake aiki a Kaduna, kuma wannan ne zuwansa gonar na farko. Mutum ne mai ladabi, ba shi da mugun nufi, laifinsa kawai ba a garin ya tashi ba. Ana gasa hanta, Lawwali ya wanke wuƙar yana gogewa, sai Gabriel ya matso ya rusuna.

Ya ce, "Baba, tun a Kaduna nake jin labarinka, an ce ƙarfe ba ya cinka. Ban taɓa gani da idona ba. Ko za ka nuna mini da wannan?"

Kefas ya ce wa surukin nasa ya je ya duba wuta, nama zai ƙone. Wani saurayi ya ce ai Baba ya gaji. Wani ya ce a bari sai an koma gari. Lawwali ya ji su duka, kuma yadda suka yi caa suna kare shi ne ya ɓata masa rai. Ga baƙo daga Kaduna, wanda zai koma ya ba da labari. Aikin yanka ya wuce, in kaifin ya mutu yanzu ba asara. Kuɓewa kuma shi ya san bai ci ba, shi ya ƙirƙiri zancen. Wani gefe na zuciyarsa ya tuna masa gashin Uchenna a kan tebur, ya ture shi. Ya miƙe tsaye, ya yi gyaran murya, ya miƙa hannun hagu. Hikima ɗaya da ya yi a ranar ita ce bai danna kamar yadda ya saba ba.

Da farko farin layin nan ne da ya sani. Har ya fara ɗaga hannun sama. Sai layin ya buɗe, ya yi ja, jini ya gangaro ta gwiwar hannu ya ɗiga kan takalminsa.

Zafin bai zo da wuri ba. Abin da ya fara yi shi ne duban fuskoki. Jira yake a yi salati, a riƙe baki, a ce yau wace irin rana ce, ƙarfe ya ci Gagara. Gabriel kaɗai ya firgita, yana ta ba da haƙuri. Sauran ba wanda ya yi mamaki. Tausayi ne a fuskarsu, da 'yar kunya, kamar mutanen da aka kama suna ɓoye wani abu. Kefas ya zaunar da shi kan buhu, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata 'yar leda. Auduga ce a ciki, da aidin, da bandeji, an naɗe su tsaf. Ya kama hannun ya matse, ya wanke, ya ɗaure da saurin wanda ya yi aikin soja, ya ce bai yi zurfi ba amma in sun koma sai an duba ko yana son ɗinki.

Lawwali yana kallon ledar. Ya san ƙullin bakinta, irin ƙullin da ake yi masa a ledar ƙuli-ƙuli ne. Ya ce, "Ina ka samu wanga?"

Kefas bai ɗago ba. Ya ce, "Mai ɗakinka ta ba ni. Duk shekara in za mu taho sai ta ba ni, in mun koma in mayar mata."

Sai wani daga cikin samarin ya ce ai guron nan ne bai gama fita ba. Nan da nan kowa ya kama, guro ne, tabbas guro ne, wani ma ya ce yakan yi wata a jiki. Suna faɗa suna gyaɗa kai da sauri, da muryar da ake lallashin yaron da ya faɗi. Yana zaune kan buhun da ya ɗinke da hannunsa, kwalin ƙarƙashin tebur ya dawo masa, da shirun gidan makoki, da hon ɗin 'yan kabu-kabu. Ashe gari guda ne ya haɗa baki yana miƙa masa dakusasshiyar wuƙa, tun yana da baƙin gashi. Bai san ko ya gode musu ba ko ya tsine musu. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Aka kawo nama a faranti ɗaya kamar kowace shekara, kowa ya ci yana yaba yanka, shi kuwa tsoka ɗaya ya ci ya janye hannu.

Sun shigo Zuru bayan la'asar. Ya sa Kefas ya bi da shi ta lungu don kada su wuce gaban shagon Uchenna. A ƙofar gida ya ciro rigar sanyin da Basira ta cusa masa a jaka, wadda bai taɓa sawa ba, ya sa ta ya rufe bandejin, ko da yake ana zafi, ya yi sallama ya shiga.

Basira tana zaune a tsakar gida tana yanka albasa. Da 'yar siririyar wuƙarta take yi, a fili, ba ta yi yunƙurin ɓoyewa ba. Ta yi masa sannu da zuwa, idonta ya sauka kan hannun rigar, ya wuce. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta kawo tuwon dawa, ta ajiye kwanon miya a gefe. Ya ɗaga murfin. Ɗanyar kuɓewa ce, kore shar, da busasshen kifi, tana ta tururi.

Ta ce, "Malam, tunda gari duka anka ce na sa maka guro, na ce bari in sa ɗin, kada in ɗauki laihi banza."

Ya kwance kuben daga ƙugunsa ya ajiye kusa da albasarta. Sannan ya wanke hannun dama, ya yanki loma, ya tsoma, yauƙin ya biyo har baki. Ta zauna nesa kaɗan da nata kwanon, a cikin gidanta, tana ci a hankali ba ta kallonsa. Miyar ta yi daɗi ƙwarai, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi. Ya cinye, ya tura mata kwanon ta ƙara masa.